Hunturu: Me ya sa mai koyon saƙa za ta fara da hular jariri

Ranar da ƙanwata ta haihu, a makon ƙarshe na Disambar bara waccan, abu na farko da ma'aikaciyar jinya ta nema a hannunmu shi ne hula. Yaron bakwaini ne, nauyinsa bai kai kilo biyu ba. Akwai huluna har huɗu a jakar haihuwa, dukansu sababbi daga kasuwar Sabon Gari, amma duk wadda aka ɗora masa sai ta zurmo ta rufe masa ido da hanci. Na hau mota daga Samaru, na wuce Kwangila, na shiga kasuwa na bi rumfunan kayan jarirai ɗaya bayan ɗaya har la'asar ta yi sanyi. Ban samu ko ɗaya da ta dace da kan da bai fi babban lemo girma ba.

Gwaggona ce ta fitar da mu. Tsohuwar malamar firamare ce, ta koyi saƙa tun tana 'yar makaranta. Ta ciro ragowar ulu daga ƙasan akwati da allura biyu da suka fara tsatsa, ta goge su, ta zauna bayan magariba. Kafin mu kwanta hula ta kammala. Washegari da asuba aka kai ta asibiti, ta zauna wa yaron ɗas.

A daren nan na ji kunyar kaina. Na yi karatu har babbar difiloma, ina iya rubuta shafi goma a kan matsalar kiwon lafiya, amma abin da zai riƙe wa ɗan ƙanwata ɗumin jikinsa ya gagare ni. Shi ya sa na koma wurin gwaggo na ce ta koya mini. Abin da na gano cikin hunturu biyu shi ne, masu sha'awar saƙa da yawa suna ajiye ta ne saboda sun fara da abin da ya fi ƙarfinsu, alhali abu mafi sauƙin saƙawa shi ne kuma wanda aka fi buƙata a gidajenmu.

Kan jariri da sanyin Zariya

Wanda ya taɓa kwana a Samaru, Hayin Dogo ko Bomo a watan Janairu ba ya buƙatar a ba shi labari. Zariya tana kan tudu, kuma da asuba ma'aunin zafi yakan sauko ƙasa da digiri 15, ga iska mai ƙura da ke ratsa kowace kafar taga. Babba zai yi rawar sanyi ya jawo bargo. Jariri sabon haihuwa ba ya iya yin ko ɗaya daga cikin biyun. Jikinsa yana ƙona wani kitse na musamman da aka haife shi da shi don ya samar da ɗumi, kuma bakwaini bai gama tara wannan kitsen ba. Ga shi kansa babba ne idan aka kwatanta da sauran jikinsa, wajen kashi ɗaya cikin biyar na faɗin fatarsa, don haka ɗumi mai yawa ta nan yake tsiyayewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Da zarar ya yi ƙasa da 36.5, sanyi ya fara shigarsa. Alamar ba ta zuwa da hayaniya: yaro ya rage kama nono, ya yi lakwas, kukansa ya yi rauni, sukarin jininsa ya faɗi. Uwa za ta ɗauka barci yake yi. Hanyar dubawa a gida ita ce a taɓa tafin ƙafarsa da cikinsa da bayan hannu. Idan ƙafa ta yi sanyi ciki yana da ɗumi, a ƙara rufe shi a manna shi a jikin uwa. Idan duka biyun sun yi sanyi, ko ya ƙi nono, wannan maganar asibiti ce, ba ta jira ba.

Shi ya sa hukumar take ba da shawarar a goge jariri ya bushe da zarar ya faɗo, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a kuma jinkirta wankan farko zuwa awa 24. Wannan ta ƙarshen ita ce ke haɗa ma'aikatan lafiya da kakanni faɗa, domin a al'adarmu ungozoma ba ta ganin ta gama aiki sai ta wanke yaro tas. Ga bakwaini kuwa akwai goyon gaba, wanda likitoci ke kira goyon kangaru, da aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978 lokacin da kwalaben jarirai suka yi ƙaranci a wani babban asibitin haihuwa. Ana manna yaro a ƙirjin uwa daga shi sai nafkin, a ɗaure da zane. Abin da ke leƙowa waje shi ne kai, don haka hula tana cikin kayan aikin. Najeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawan haihuwar bakwaini a duniya, amma kasuwarmu ta kayan jarirai ba ta san da zamansu ba.

Hula ba magani ba ce, kuma ba ta maye gurbin jikin uwa ko kulawar asibiti. Sai dai a cikin duk abubuwan da aka lissafa, ita ce kaɗai 'yar uwa ko maƙwabciya za ta iya yi da hannunta cikin dare ɗaya.

Ulun da ba na tunkiya ba

Kafin a ɗauki allura, gara a san abin da ake saya. Muna kiransa ulu, kalmar da muka aro daga Turanci da ke nufin gashin tunkiya, amma ƙulullukan da ke jere a rumfunan kayan ɗinki na Sabon Gari da kasuwar Samaru kusan dukansu ba su taɓa ganin tunkiya ba. Tumakinmu, 'Yankasa da Uda da Balami, waɗanda Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika ta daɗe tana nazari a kansu, gashi gare su gajere mai kauri, ba irin wanda ake kaɗawa ba. Abin da muke saya zaren roba ne da ake kira akirilik, daga man fetur ake samo shi. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fara ƙirƙiro shi a 1941, ya shiga kasuwa wajen 1950.

Abin mamaki, a Samaru ɗin nan ne Cibiyar Binciken Aikin Gona take, wadda tushenta ya faro tun 1922, kuma ita ce ta fitar da irin auduga masu suna SAMCOT da manoman Arewa ke shukawa. Amma mai neman zaren saƙa na auduga zalla a garin nan sai ta sha yawo, in ta samu kuma ta biya da tsada.

Zaren roba yana da kirkinsa. Yana da araha a kan ulun gaske, ba ya kaikayi sosai, asu ba ya cinsa, launinsa ba ya zuba, yana bushewa da wuri. Aibinsa ɗaya ne amma babba: wuta. Idan garwashi ya taɓa shi yakan kama ya narke ya manne a fata. A lokacin hunturu kuwa kasko yana cikin ɗakunan masu jego da yawa. Yaron da ke sanye da kayan saƙa kada a kusantar da shi kaskon wuta ko kyandir ko maganin sauro na kunnawa. Shi kansa gawayin a ɗaki rufaffe yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari, wadda ke kashe mutane cikin barci.

Mai son ta tantance abin da aka sayar mata, ta yanki ɗan guntu ta ƙona a tsakar gida. Roba zai narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Ulun tunkiya zai yi ƙaurin gashi ya murmushe. Auduga za ta yi ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi. Wajen wanki kuma, ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a matse a hankali, a shimfiɗa a inuwa. Dutsen guga ba ya zuwa kusa. Na taɓa goge wata 'yar riga don ta yi kyau kafin a kai barka, ta saki ta zama kamar tsumman goge tebur.

Ɗan murabba'i tukuna

Kayan farawa ba su da yawa: allurar saƙa biyu masu lamba 4, wato kaurin milimita huɗu, ƙullin ulu ɗaya ko biyu, almakashi, tef ɗin awo na tela, da babbar allura mai dakusasshen baki ta haɗa gefe. A zaɓi ulu mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙwai ko shuɗi mai haske. Baƙi da ruwan ƙasa suna ɓoye kuskure daga idon mai koyo, musamman da dare in an ɗauke wuta ana aiki da fitilar waya. A guji mai gashi-gashi da mai ƙyalli. Ulun da ya fi yawa a kasuwa siriri ne, shi ya sa masu saƙa da yawa kan haɗa zare biyu su yi aiki da su kamar ɗaya. Gwaggo ta ce su da tsinken tsintsiya suka fara a makaranta, wasu da wayar ƙafar keke da aka goge bakinta. Har yanzu yarinya za ta iya gwada hannunta da su kafin a kashe kuɗi.

Akwai kuma kwarashi, mai ƙugiya ɗaya, wanda mata da yawa a nan suka fi sabawa da shi. Da shi iyayenmu suka yi fararen adon kujera da murfin talabijin da rediyo. Ya fi saurin koyo, kuma idan aka yi kuskure gyaransa ba wuya, domin madauki ɗaya ne kawai a kan ƙugiya. Amma saƙar allura biyu ta fi laushi da miƙewa, kuma ta fi cin zare kaɗan. Don kan jariri, ni ita na zaɓa.

Duk saƙar allura biyu a kan abu huɗu take. Ɗora madaukai a kan allura, waɗanda za mu kira idanu. Saƙar gaba. Saƙar baya. Sai rufewa. Ɗorawa da rufewa sun fi sauƙin koyo a gaban mai yi, ko a bidiyon YouTube da za ki iya tsayarwa ki maimaita, ba a takarda ba. Saƙar gaba kuwa ga ta: allurar da ke ɗauke da idanu tana hagu. Ki soka ta dama cikin ido na farko daga gaba zuwa baya, ki naɗa zare a kanta, ki jawo shi ta cikin idon, ki zame tsohon idon daga allurar hagu. Haka har ƙarshen layi, sannan ki musanya hannu ki sake. Saƙar baya ita ce kishiyarta: zare yana gabanki, allura tana shiga idon ta gaba daga dama zuwa hagu.

Aikin farko shi ne ɗan murabba'i. Ki ɗora ido 30, ki yi ta saƙar gaba zalla a kowane layi har tsawo ya yi daidai da faɗi, wajen santimita 14 ko 15, inci shida a awon tela. Wannan saƙar ba ta naɗewa a gefe, tana kwanciya lafiya. Na farko ba zai yi kyau ba. Nawa ya fara da ido 30 ya ƙare da 37, ya yi kama da taswirar wata ƙaramar hukuma. Na je wurin gwaggo da niyyar ta warware, ta hana, ta ce in ajiye shi in ƙirga inda na ɓata. Sai na ga kurakuran iri uku ne kawai, kuma su ne na kowa.

Na ɗaya, matse zare. Mai koyo tana tsoron kada ido ya zame, sai ta ja da ƙarfi har allura ta kasa shiga, kafaɗa ta yi tsami. Ido ya kamata ya iya zamewa a kan allura ba tare da kokawa ba. Na biyu, ƙarin ido ba da niyya ba, wanda yakan faru a farkon layi idan zare ya hau saman allura ya sa ido ɗaya ya yi kama da biyu, ko kuma idan allura ta tsaga zaren gida biyu. Maganinsa ƙirga a ƙarshen kowane layi. Na uku, ido ya suɓuce ya fara warwarewa zuwa ƙasa kamar tsani. Kada a firgita. A cafke shi da fil ko kwarashi, a jawo shi sama mataki-mataki.

Kuma kada a ajiye aiki a tsakiyar layi don an kira sallah ko tukunya ta tafaso. A ƙarasa layin. Wadda ta dawo ta manta ta ina take tafiya takan juya baya, sai rami ya fito.

Murabba'an nan ba asara ba ne. Guda 30, biyar a faɗi shida a tsawo, idan aka haɗa su da allura suna ba da bargon jariri mai kimanin santimita 75 da 90. Ana iya yin su da ragowar ulu kala-kala, ɗaya yau ɗaya gobe, ko mata biyar a gida ɗaya kowacce ta yi shida kafin ranar suna.

Hular kanta

Wadda ta gama murabba'i uku masu daidai ta isa ta yi hula, domin hula murabba'i ce mai tsawo da aka tsuke bakinta.

Kewayen kan jaririn da ya cika wata tara yakan kama daga santimita 33 zuwa 36. Hula kuma ana yin ta ƙasa da kai kaɗan, saboda tana miƙewa. Da allura mai lamba 4 da ulu matsakaici, ido 22 yakan ba da faɗin santimita 10, amma hannu ya bambanta, don haka ki auna murabba'inki ki ga naki. A wannan lissafin, ki ɗora ido 64. Ki yi gaba biyu, baya biyu, gaba biyu, baya biyu har ƙarshen layi, ki maimaita haka a kowane layi. Duk lokacin da za ki koma saƙar baya ki kawo zare gaba ta tsakanin allurai, in za ki koma ta gaba ki mayar da shi baya. Abin da zai fito shi ne saƙa mai gora-gora irin ta bakin hannun rigar sanyi, wadda ke miƙewa ta koma, ta kama kai ba tare da ta matse ba.

Idan tsawo ya kai santimita 12 ko 13, sai ragewa. Ki riƙa soka allura cikin ido biyu lokaci guda kina saƙa su kamar ɗaya har ƙarshen layi, 64 su koma 32. Ki yi layi ɗaya ba ragi, sannan ki sake, su koma 16. Ki yanke zare ki bar jela mai tsawon kamu biyu, ki zura ta a babbar allura, ki bi ta cikin idanun da suka rage, ki ja su tsuke kamar bakin jaka. Da ragowar zaren ki ɗinke gefe biyun. Ɗinkin ya kwanta, kada ya yi tudu, domin a kansa yaro zai kwantar da kai. Ƙulli ɗaya ya isa har da saura.

Don bakwaini, ido 48 ko 52, tsawo santimita tara ko goma kafin ragewa. Idan da hali a tambayi ma'aikaciyar jinya awon kan yaron, tunda suna aunawa suna rubutawa. A wanke hular a shanya ta bushe sarai kafin a kai.

Akwai abubuwan da ba a sa wa hular jariri komai kyansu. Ba igiyar ɗaurewa a ƙarƙashin haɓa. Ba maɓalli, ba duwatsun ado, ba tuntun da zai iya cirewa ya shiga baki. A safa da safar hannu kuma a juya ciki a tabbata babu zaren da ke lilo, saboda siririn zare yana iya naɗe yatsan jariri ya tsayar da jini ba a lura ba.

Sai ɗaya gefen, wanda ba a cika faɗa ba. Mu nan mun fi iya rufe yaro fiye da buɗe shi. Za ka ga jariri a watan Afrilu, ana zuba zafi, an sa masa hula da safa da suwaita da shawul don kawai an saya kuma ana so a gani, wuyansa duk ƙurajen zafi. Zafi fiye da kima shi ma haɗari ne. Lafiyayyen jaririn da ya cika watanninsa, idan yana barci a ɗaki mai ɗumi, likitocin yara suna ba da shawarar a cire masa hula. A taɓa ƙeyarsa: in akwai gumi, kaya sun yi yawa.

Bayan hula, abin da ya fi sauƙi shi ne ɗamarar kunne ta 'yan makaranta, tsiri mai faɗin santimita takwas da tsawon da zai kewaye kai, a haɗa bakinsa. Sai abin wuya rufaffe kamar zobe, wanda ake zurawa ta kai. Shi ya fi dacewa da 'yan acaɓa da masu Keke Napep da ke fitowa da asuba, ba dogon mayafin wuya mai jela ba, wanda ke iya faɗawa cikin tayar babur. Dogon ma ga mai koyo tarko ne: mita ɗaya da rabi na abu guda, kafin a kai rabi an gaji, hunturu ma ya wuce. Hular manya da ta yara ita ce dai ta jariri da ƙarin idanu, kuma duk wadda ta ga almajiran unguwarsu suna ɗuma hannu a wutar bola da sassafe ta san inda za ta kai guda goma in ta saƙa.

Suwaita kuwa a bar ta zuwa hunturu na biyu. Tana da gaba da baya da hannu biyu da wuya, kowanne da lissafinsa. Akwatunan gidaje da yawa suna ɗauke da rabin suwaita da aka fara wa yaron da yanzu yake aji uku.

Ba sana'ar baƙi ba ce

Wasu na kallon saƙar allura a matsayin abin Turawa, tunda ta makarantun 'yan mata na zamanin mulkin mallaka da na mishan ta shigo mana, daga baya ta zauna a darasin tattalin gida da cibiyoyin koya wa mata sana'a, musamman tun shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida da aka fara a 1987. Amma tsofaffin kayan saƙar allura da aka gano a duniya safa ce ta auduga, fari da shuɗi, daga Masar, masu shekaru kusan dubu, wasunsu da rubutun Larabci a jiki. Daga ƙasashen Musulmi sana'ar ta ratsa Andalus ta shiga Turai. Ita kuwa ƙasar Zazzau ba baƙuwar zare ba ce. Maza ne ke zama a zaure suna ɗinkin hannu na babbar riga da hula a cikin birni, maza ne masaƙan tsiri. Don haka saurayin da ya ɗauki allura biyu bai yi abin kunya ba.

Akwai kuɗi a ciki?

Wannan ce tambayar da aka fi yi mini, kuma amsar ba ta da daɗi duka. Mai saƙar hannu tana tsakanin abokan gaba biyu. Na farko gwanjo: da hunturu ya kama, dilolin rigunan sanyi suke cika bakin kasuwar Sabon Gari da titin Samaru, kuma sau da yawa suwaitar gwanjo ba ta kai kuɗin ulun da za a saƙa irinta ba, balle ladan aiki. Na biyu keken saƙa. Mai keke tana iya fitar da cikakken saitin jariri, riga da wando da hula da safa, a lokacin da mai hannu ba ta gama hula biyu ba. Rigunan sanyi na makarantu ma aikin keke ne. Ga kuma farashin ulu da ke bin dala, wanda ya yi tsalle tun da aka saki naira a watan Yunin 2023.

Saboda haka wadda ta koyi saƙa jiya kuma take shirin gogayya da waɗannan a kan suwaita, za ta yi aikin banza. Kafin ta sa wa kayanta farashi, ta rubuta kuɗin ulu, kuɗin motar zuwa kasuwa, da awa nawa ta zauna. Mata da yawa ba sa lissafa na ukun, shi ya sa suke ganin ciniki ba sa ganin riba. Ni hulata ta farko dare huɗu ta ci. Yanzu ina gamawa tsakanin isha'i da lokacin kwanciya, kuma ko a haka ba zan ce ta isa ta riƙe gida ba.

Inda hannu ke da rinjaye shi ne abin da gwanjo da keke ba su damu da shi ba: awon bakwaini, hular da aka yi daidai da kan wani yaro, launin da uwa ta zaɓa ya shiga da atamfar suna, ƙaramin aiki na gaggawa. Kuma jarinsa bai wuce ƙulli biyu da allura ba, ba ya buƙatar lantarki ko shago, mace tana yi a ɗakinta, ɗaliba a Jami'ar Ahmadu Bello tana yi a hostel tsakanin lacca da lacca. Wadda hannunta ya faɗa kuma ta ga masu saye sun yi yawa, a lokacin ne maganar tara kuɗin keke take da ma'ana. Akasin haka ne muke yawan gani a rabon kayan tallafi, inda ake miƙa wa mace keken saƙa bayan horon 'yan kwanaki, ba ta san ƙirga ido ba, ba mai gyara a kusa, daga baya keken ya koma kasuwa ko ƙarƙashin gado.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Masu saye suna tunawa da kayan sanyi ne ranar da iskar ta juyo, a ƙarshen Nuwamba, kuma zuwa tsakiyar Fabrairu an gama. Mai son ta sayar ko ta bayar, a watan Satumba ko Oktoba ya kamata ta fara, tun ulu bai yi tsada ba kuma launuka ba su ƙare a rumfa ba.

Ɗan ƙanwata yanzu yana gudu a tsakar gida, ba ya yarda a sa masa komai a kai. Hular da gwaggo ta saƙa masa ta fita gidanmu sau biyu: sau ɗaya zuwa Palladan, sau ɗaya zuwa Basawa, duk wurin masu bakwaini da suka ji labarinta a bakin 'yan barka. Ta ƙarshen ba ta dawo ba tukuna. A makon jiya wata maƙwabciya ta aiko cewa 'yarta ta haifi tagwaye kafin lokaci, don haka na ɗora ido 48 a daren Talata, gwaggo kuma ta ɗauki ta biyun.